Yadda Ake Raba Izinin Shiga Shafin WordPress Ba Tare Da An Miƙa Makullin Gida Gaba Ɗaya Ba

Wata safiya wani abokina mai ɗan shafin labarai ya kira ni hankali a tashe. An canza kanun wani labari cikin dare, an sa abin da zai iya kai su gaban alƙali. Na ce masa wa ya shiga shafin jiya? Ya yi shiru, can ya ce ai su bakwai ne, kuma dukkansu da suna ɗaya suke shiga. Kalmar sirrin ma tana nan maƙale a saman zaurensu na WhatsApp, biyu daga cikin 'yan zauren kuwa sun bar aiki tun bara. Muka buɗe tarihin gyare-gyaren labarin, wanda WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, ke ajiyewa da kansa. Ga lokacin da aka yi gyaran a rubuce har da minti, amma sunan wanda ya yi shi "admin". Wato kowa ke nan, kuma ba kowa ba.

Abin takaicin shi ne maganin wannan yana cikin manhajar tun da daɗewa, kyauta. WordPress ya fito a 2003, daga hannun Matt Mullenweg da Mike Little, kuma tsarin muƙaman masu shiga ya zo da siga ta 2.0 a ƙarshen 2005. Aikin rabin awa ne.

Fara da sanin muƙaman

Biyar ne a shafi na yau da kullum, kuma zan kira su da sunayen da za ka gani a allonka. Administrator shi ne mai gida: yana saka ƙarin manhajoji, yana canza fasalin shafi, yana ɗaukar mutane yana korar su, har da wanda ya ɗauke shi. Editor, wato edita, yana da iko a kan duk wani rubutu, nasa da na wasu, da shafukan dindindin irin na "Game da mu", da rukunan labarai, amma ba ya taɓa injin gidan. Author marubuci ne da ke wallafa nasa da kansa, ya ɗora hotuna, ba ruwansa da na wani. Contributor yana rubutawa ne ya miƙa, sai edita ya duba ya saki. Subscriber kuwa ba abin da yake iyawa sai gyara bayanan kansa. Akwai Super Admin, amma wannan sai inda aka haɗa shafuka da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin Author da Contributor. Kalmar "marubuci" tana ruɗi, sai mai shafi ya ga ai wakilinsa na Gusau marubuci ne, ya ba shi Author. To ka sani, mai wannan muƙami yana iya sakin labari ƙarfe biyun dare ba wanda ya karanta, kuma yana iya goge duk labaransa da aka riga aka wallafa ranar da kuka ɓata. Contributor ba ya iya ko ɗaya. Maɓallin da yake gani shi ne "Submit for Review", kuma da zarar an wallafa rubutunsa, hannunsa ya fita daga kai, ko waƙafi ba zai gyara ba. A ganina duk sabon wakili da duk ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki daga nan ya kamata ya fara. Matsalarsa ɗaya: ba ya iya ɗora hoto. Za mu dawo kanta.

Ƙirga mutanen da ke cikin gidan

Shiga ta adireshin shafinka da /wp-admin a ƙarshe, ka danna Users, sannan All Users. A saman jerin za ka ga adadin mutanen kowane muƙami. Danna Administrator tukuna. Idan ka ga sun wuce biyu, akwai magana. Idan ka ga sunan da ba ka sani ba, da wani imel mai kama da an zubar da haruffa a ƙasa, to wataƙila an riga an shigo maka, kuma wannan ya fi ƙarfin gyaran muƙami kawai.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafin ajiya na shafin. Sai ka ɗauki biro da takarda, ka rubuta sunan kowa da ainihin abin da yake yi a mako. Ba matsayinsa a ofis ba, aikin da hannunsa ke yi. Shugaban kamfani da ba ya shiga sai don ya karanta ba ya bukatar Administrator, ko da za a ɗan sha kunya wajen faɗa masa.

Rufe ƙofar baya

Wannan minti ɗaya ne. Je Settings, ka shiga General. Akwai akwatin "Anyone can register". Idan ba ka da dalilin barin baƙi su yi rajista, cire alamar. A ƙasansa akwai "New User Default Role", ka tabbata yana kan Subscriber. A wannan shafin dai, duba imel ɗin gudanarwa: naka ne, ko na yaron da ya gina maka shafin shekara uku da suka wuce?

Ba kowa makullinsa

Koma Users ka danna maɓallin ƙara sabon mutum. Sa sunan shiga, ka kula domin ba a canza shi daga baya ta wannan allon. Sa imel ɗin mutumin na kansa, ka zaɓi muƙami, ka bar alamar da ke cewa a aika masa saƙo. Shi zai bi mahaɗin da aka tura masa ya zaɓi kalmar sirrinsa. Kada ka ƙirƙira masa ka tura ta WhatsApp, ka koma gidan jiya ke nan. Waɗanda suke da asusu tun da, sai ka sa musu alama a jerin, ka zaɓi sabon muƙami a "Change role to", ka danna Change.

Kai ma mai shafi ka buɗe wa kanka asusu biyu: na Administrator don ranar gyara, na Editor don aikin kullum, musamman in kana shiga daga waya ko kwamfutar da ba taka ba. WordPress ba ya yarda asusu biyu su yi tarayya a imel ɗaya, amma in Gmail kake amfani da shi, ƙara +edita bayan sunanka kafin alamar @, saƙon zai faɗo akwatinka ɗaya.

Sai tsohon asusun nan na "admin" da kowa ya sani. Shi ne sunan farko da masu kutse ke gwadawa, don a da WordPress da kansa yake ba da shi. Fita daga cikinsa, shiga da sabon asusunka, sannan ka goge shi, domin mutum ba ya iya goge asusun da yake ciki.

A nan ka natsu. Duk lokacin da za ka goge wanda yake da rubutu, za a tambaye ka abu biyu: "Delete all content" ko "Attribute all content to". Na farko zai tafi da labaran mutumin da hotunan da ya ɗora. Na biyu zai mayar da su sunan wanda ka zaɓa. Kada ka danna da sauri kana hira.

Idan muƙaman ba su dace da aikinku ba

Mu koma kan hoton wakili. Wasu da sun gaji da karɓar hotuna ta waya sai su ɗaga shi zuwa Author, alhali abu ɗaya kawai yake nema. Kowane muƙami tarin ƙananan izini ne, kuma ana iya ƙara ɗaya ko a cire ɗaya. Saka ƙarin manhaja irin User Role Editor ko Members, ka buɗe Contributor, ka sa alama a upload_files, ka adana. Shi ke nan, yana ɗora hoto amma ba ya wallafawa. Haka za ka iya cire delete_published_posts daga Author, don kada wani ya kwashe labaransa ya tafi da su. Ni dai na fi son a kwafi muƙamin a ba shi sabon suna, kamar "Wakili", a yi gyaran a can. Kuma kada ka yi wasa da izinin Administrator, mutum yana kulle kansa a waje da hannunsa. Bayan kowane gyara, buɗe asusun gwaji ka shiga ka ga abin da mutumin zai gani.

Masu shago da ke amfani da WooCommerce, ƙarin manhajar sayar da kaya, kuwa an hutar da su, akwai Shop Manager da aka tanada don mai kula da kaya da oda.

Ranar da wani ya bar aiki

A ranar za a yi, ba sai an kwana ba, ko da lafiya aka rabu. Idan kana son sunansa ya ci gaba da fitowa a kan labaransa, ba sai ka goge shi ba: mayar da muƙaminsa "No role for this site", ka canza kalmar sirrinsa. Gangara ƙasan bayanansa ka duba Application Passwords, waɗanda suka shigo da siga ta 5.6 a Disambar 2020. Kalmomin sirri ne na daban da ake ba manhajoji, kuma canza babbar kalmar ba ya kashe su, sai ka soke su da kanka.

Ga waɗanda suka rage, a ƙalla Administrator da editoci su kunna tantancewa mai hawa biyu, wato a nemi wata lamba ta daban bayan kalmar sirri, ƙarin manhajar Two-Factor tana yi. Simple History kuma tana rubuta wa ya shiga, me ya taɓa, yaushe.

Abu na ƙarshe ba a cikin WordPress yake ba. Duk wanda ke riƙe da asusun kamfanin da ke ɗauke da shafinka, wato mai shiga cPanel, yana iya shiga rumbun bayanai ya naɗa kansa Administrator ko da ka goge shi sau goma. Da muka gama ba kowa a shafin abokina nasa asusun, na tambaye shi wa ke sabunta kuɗin sunan shafin duk shekara. Ya lalubo lambar wanda ya gina masa shi, ya kira sau uku, a kashe.