Kurakuran da ke kashe waƙar barkwanci a kan sarkin surutu

Kowace majalisa a Kano tana da shi: mutumin da in ya zauna sai shayi ya huce. Yi masa waƙa akwai daɗi, amma yawanci tun a kari, wato ma'aunin waƙa, ake yin tuntuɓe.

Masu koyo kan ƙirga gaɓoɓi kawai, alhali nauyinsu ake aunawa. Gaɓa iri biyu ce: gajera kamar "ku", da doguwa, wadda aka ja wasalinta ko ta ƙare da baƙi, kamar "kun". Rubutun boko ba ya nuna jan wasali, don haka ido ba zai kama kuskuren ba, sai kunne. Ɗauki wannan ɗango, wato layin waƙa, a karin Mutaƙarab mai ƙafa 4, kowace ƙafa gajera 1 da dogaye 2:

Idan kun / ga gogan / ku ɗauko / kujera

Sa "mutumin" a madadin "gogan" ka rera. Gajeru 3 sun jeru, ƙafa ta biyu ta karye. Gyaran shi ne a sake kalmar. Cusa "ai" ko "fa" don cike giɓi faci ne, kuma ana jin sa.

Amsa-amo kuwa, wato dacewar sautin ƙarshen ɗango, gaɓar ƙarshe ce ɗungurungum, ba wasalin kaɗai ba. "Kujera" na tafiya da "gyara" da "gora", ba ta tafiya da "magana". A ƙwar biyar, wato waƙa mai ɗango 5 a kowane baiti, ɗango 4 na farko su ke ɗauke da ƙaramin amsa-amo mai sauyawa, na 5 ya riƙe babba har ƙarshen waƙa. Tanadi kalmomin babban tun kafin a fara, domin wanda bai yi ba, a baiti na 6 zai koma jera kalmomi masu ƙarewa da "-wa".

Maimaitawa ita ce gishirin, kuma nan aka fi yin ɓarna. Kada a maimaita cewa ya cika surutu. A maimaita surutun nasa. Ba shi sara guda, misali "in taƙaice maka", ta zama amshi, a ajiye ta wuri ɗaya a kowane baiti. Abin da zai riƙa sauyawa shi ne fage: yau teburin mai shayi, gobe cikin a-daidaita-sahu, jibi Kantin Kwari. A baitin ƙarshe a juya, mai shayin ya riga shi faɗa.

Sunansa kuwa a bar shi. Da an ambata, habaici ya zama zambo, kuma gobe ma majalisarku ɗaya.