Kek ɗin fich na gwangwani, ba wahala

Uwargida, in baƙi suka faɗo miki bayan la'asar kuma babu abin zaƙi a gida, wannan zai fitar da ke kunya. Itacen fich, wato ɗan itacen nan da ake kira peach da Turanci, yana son sanyi, ba ya yi a zafin Legas, shi ya sa na gwangwani nake saye a manyan kantuna, kuma wallahi ya fi sauƙi tunda an riga an fere an yanka.

Ki kunna oban a digiri 180 na Celsius, ki narka bota cokali 4 a cikin farantin gashi. A wani kwano ki haɗa fulawa kofi 1, sukari rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali 2, ɗan gishiri, da madara ta ruwa kofi 1, ki dama har gudajin ya mutu. Sai ki zuba ƙullun a kan botar amma don Allah kar ki juya, nan ne mutane ke ɓata shi. Ki tsiyaye ruwan gwangwanin, ki jera fich ɗin a sama, ki barbaɗa girfa. Yana gasuwa za ki ga ƙullun ya taso ya rungume 'ya'yan, gefen ya yi ja kamar bayan waina, minti 35 zuwa 40 ya isa.

In an ɗauke wuta, mu nan Agege tukunya da yashi muke sawa a kan gas, wuta ƙasa-ƙasa, a rufe ruf. Lokacin mangwaro kuma ki samo nunanne mai ɗan tauri a kasuwar Mile 12 ki yi da shi haka nan. Da ɗuminsa ake ci.