Darasi na 7: Nawa Ne Kuɗin Awarka Ɗaya?

A Damagaram da wuya ka samu magidancin da aiki ɗaya ke riƙe gidansa. Mai gadi ya sauka da safe ya tafi dako Kasuwar Dole. Leburan gini ya tashi da la'asar ya hau kabu-kabu. Mace ta gama aikin gida ta ɗora kaskon ƙosai. Duk neman halal ne, kuma abin yabo ne. Amma da yawanmu mun san kuɗin tiyar hatsi, mun san kuɗin jarkar ruwa wajen ɗan garuwa, ba mu san kuɗin awarmu ɗaya ta aiki ba. Shi za mu koya yau. Kowa ya buɗe kayensa.

Abin da doka ta ce

Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta yanke awa 40 a mako ga ma'aikacin da ke ƙarƙashin wani yana karɓar albashi. Ga aikin gona ana lissafi a shekara ne, awa 2,400. Wasu ayyuka, kamar gadi, suna da nasu lissafin dabam saboda zaman jira da ke cikinsu. Dokar ta kuma ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako.

Abin da ya haura awannin doka shi ne aikin ƙari. Ana biyansa bisa albashi, kuma kuɗin awar ƙari ya fi na awar yau da kullum. Na dare, da na Lahadi, da na ranakun hutun ƙasa sun fi tsada. Wannan ba kyautar maigida ba ce, ba goron Salla ba ne. Haƙƙi ne.

Mu yi lissafi

Awa 40 a mako, sau mako 52 na shekara, a raba wata 12, ya ba da awa 173 da ɗan ɗori a wata. Ku rubuta 173 a saman shafi, ku zagaye shi.

Mu ɗauki mai aiki a gidan burodi da ke karɓar jikka 52 a wata, wato sefa 52,000. Raba 52,000 gida 173. Abin da ya fito kusan 300 ne. To awarsa ɗaya dala 60 ke nan.

A wani mako aiki ya yi yawa, ya ƙara awa 6. Don koyon lissafi, mu ce ƙarin da ya hau kansa kashi 25 ne cikin 100. Kashi 25 na 300 shi ne 75, dala 15. Awar ƙari ta zama 375. Sau 6, ya tashi 2,250, jikka 2 da dala 50. In maigida ya miƙa masa jikka guda ya ce "ga na shayi", ya karɓa ya yi godiya, to ya bar 1,250 a baya bai sani ba. A yi haka mako huɗu, jikka 5 sun tafi. Ku duba tiya nawa ta hatsi ke nan a kasuwar Alhamis.

Kashi 25 ɗin misali ne kawai. Adadin da ya shafi aikinka yana rubuce a takardun doka da yarjejeniyar ma'aikata. Ka tambayi wakilin ma'aikata ko ɗan sandikarku, wato ƙungiyarku ta ƙwadago, ko ka je ofishin sufeton aiki na jihar Damagaram su faɗa maka, ka rubuta kusa da 173 ɗin nan.

Rubutu shi ne shedarka

Nan ne karatun da kuke zuwa yi da dare zai biya ku. Rigimar awannin ƙari kusan kullum iri ɗaya ce: ma'aikaci ya ce ya kai ƙarfe tara, maigida ya ce ƙarfe bakwai aka tashi. Wata ya wuce, kowa ya rantse, ba wanda ya tuna daidai. Sau da yawa ma maigidan ba da gangan yake ba, shi ma bai rubuta ba ne.

Ka ware shafi guda a kaye. Ka ja layi huɗu: rana, lokacin shiga, lokacin fita, awannin ƙari. Ka cika shi ranar da abin ya faru, kafin ka kwanta, kada ka bari sai Juma'a ka zauna kana kintace. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, lambobi kaɗai sun isa, 7 da 19 ba su da wuya. In akwai shugaban aiki, ka kai masa ya sa hannu ƙarshen mako. Takardar albashi kuma, in ana ba ku, kada a ƙunshe ƙosai da ita. A adana ta cikin leda tare da takardun haihuwar yara.

Magana kuma tun kafin a fara ake yinta, cikin ladabi:

"Alhaji, na ji an ce yau sai dare. Zan tsaya in Allah ya so. Awa nawa za mu ƙara, kuma yaya lissafinta?"

"Kai dai yi aiki, ba za mu ɓata ba."

"Ranka ya daɗe, na san ba za mu ɓata ba. Ina rubutawa ne don kada ni in manta, kada kuma in nemi abin da ba nawa ba."

Ba rashin kunya a cikin wannan. Musulunci ma ya yi umarni a rubuta bashi, kuma a biya ma'aikaci ladansa ba jinkiri. In an ƙi biya duk da haka, sufeton aiki yakan kira ɓangarorin biyu ya fara da sulhu, in ya gagara sannan a je kotun aiki. Kada ka bar maganar ta kwana shekaru.

Sana'a ta biyu: ciniki dabam, riba dabam

Yawancin masu wannan aji ba su da takardar albashi, na sani. Nasu ƙarin daga sana'ar yamma yake fitowa. Lissafin awa ya shafe ku fiye da kowa, don ba mai yi muku shi.

Ga mai kabu-kabu da ke hayar babur daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 10 na dare. Mu ce ya tara 3,000. Mai ya ci 1,000. Mai babur ya karɓi 1,000. Ya ajiye 250 na faci da gyara. Saura 750. Raba gida 4, awa ɗaya ba ta kai dala 40 ba. Shi kuwa in ka tambaye shi zai ce "jiya na yi jikka uku". Bai yi ƙarya ba, amma jikka ukun ba nasa ba ne duka.

Haka mai ƙosai. Wake, mai, icce, niƙa, yaji, mu ce 4,000. Ta sayar 5,000. Riba 1,000. Sai dai awanninta ba daga zama bakin kasko suka fara ba. Da surfen wake, da zuwa injin niƙa, da wanke-wanke bayan an tashi, awa 5 ne. Awa ɗaya 200. Wanda yara suka ci da wanda aka ba maƙwabta bashi, shi ma a rubuta. Kuma uwa, don Allah, in ribar sai an fidda yarinya daga lakwal ta yi talla take samuwa, a sake lissafin.

Ba ana cewa a bar sana'a ba ne. Dala 40 ta fi babu. Amma in ka san adadin, za ka iya zaɓe. Wataƙila awa biyu na safiyar Alhamis, ranar da mutanen ƙauye ke shigowa kasuwa, sun fi awa huɗu na daren Talata. Wataƙila sarin kayan lambu daga Mirriya ranar Lahadi ya fi yawon dare gaba ɗaya. Kuɗin ƙarin kuma a raba shi da na cefane tun ranar da ya shigo, a zuba adashe ko a sayi ɗan akuya, in ba haka ba zai narke ba a san inda ya bi ba.

Jiki magayi

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike kan dogon aiki. Sun gano cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in an gwada shi da mai awa 35 zuwa 40. Awa 40 na aikin safe da awa 4 na kabu-kabu kwana shida, 64 ke nan. Ku ƙara da zafin watan Afrilu da Mayu na garin nan, lokacin da rana ke wuce digiri 40.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwaya. Matasa da yawa suna shan tiramol don su jure aiki. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, gajiyar take ɓoyewa, kuma tana kama mutum har ya kasa aiki sai da ita, wani ma ta kai shi ga farfaɗiya bisa babur. Mai gyangyaɗi a kan hanya ba ransa kaɗai ya ɗauko ba, har da na wanda ya goya. Babba yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Ka tsayar da rana guda a mako da ba ka sayar wa kowa, ta zumunci da duba karatun yara. Ka riƙa zuwa a auna maka hawan jini ko ba ka jin ciwo, don shi ba ya sallama.

Aikin gida

Ka rubuta lokacin shiga da na fita na kwana 7, har da sana'ar yamma. Mata su sa da awannin ɗiban ruwa da girki a layi na dabam. Ka haɗa jimla. Sannan ka raba abin da ya rage maka bayan an cire jari da yawan awannin, ka zo da amsar darasi mai zuwa. Wanda rabawa ke ba wuya ya zo da lambobinsa yadda suke, za mu yi tare a allo.