Shawara ga dattawanmu na Agege

Iyayenmu da suka yi ritaya suka zauna a Agege da ke Legas, har da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ina ba ku shawara ku mallaki katin Cowry, domin da shi ake biyan kuɗin babbar motar bas ta BRT da jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara aiki a 2024, yana bi ta Agege, Ikeja, Oshodi da Yaba zuwa Oyingbo. Hawa danfo, wato ƙaramar motar haya, da ciwon gwiwa wahala ce babba, ga kwandasta yana azalzalar mutum. Ku zuba kuɗi a katin tun da wuri, kuma ku tambayi lokutan tashin jirgin a tasha, saboda ba kowace sa'a yake tafiya ba.