Yadda ake gano sankarar da ke tsirowa daga endometriyosis a wuraren da ba ma'ajiyar ƙwai ba

Endometriyosis shi ne tsirowar nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa a wani wuri daban na jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana taɓa kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa. Rikiɗarsa zuwa sankara ba kasafai ba ne, kusan kashi 1 cikin 100. Galibi a ma'ajiyar ƙwai take faruwa, amma kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na irin wannan sankarar a waje suke fitowa: ƙarshen hanji, tsakanin farji da dubura, mafitsara, ko tabon tiyatar haihuwa. Su ne aka fi makara kafin a gane.

A fara da sauyin yanayin ciwon. Endometriyosis na bin jinin al'ada, ya taso da shi, ya lafa bayansa. Idan ciwon ya daina bin wata, ko ya dawo bayan mace ta daina al'ada, kada a ce tsohon ciwo ne. Haka ma jini daga farji bayan an cire mahaifa, ko jini a bayan gida ko a fitsari. Kullutu a tabon tiyata da ya soma girma cikin 'yan watanni, ya yi tauri ko ya fashe ya zama gyambo, shi ma a duba shi ko da an shekara ashirin da yin tiyatar, domin irin wannan kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bayyana.

Sai a tambayi magungunan da take sha. Maganin estrojin (sinadarin jikin mata) zalla bayan cire mahaifa yana ciyar da ragowar naman endometriyosis da ya saura. Shi ya sa ake haɗa shi da frojestojin, wani sinadarin da ke rage tasirinsa, ga wadda ta taɓa yin endometriyosis, ko da ba ta da mahaifa. Ƙiba da tamoksifen, maganin sankarar nono, ma suna cikin abin lura.

Hoton MRI da allurar rini ya fi nuna curin tsoka a cikin tsiron. Gwajin jini na CA-125 kuwa ba hujja ba ne, tunda endometriyosis kaɗai na iya ɗaga shi.

A hanji aka fi yin kuskure. Ƙarin daga waje yake cin bango zuwa ciki, saboda haka kyamarar duba hanji kan tarar da cikinsa lafiya lau, ɗan naman da aka tsakuro daga sama kuma ya fito babu komai. Dole a ɗebo daga can ciki. Sannan likitan nazarin tsoka ya san tarihin matar, in ba haka ba sai a ɗauka sankarar hanji ce a ba da maganin da bai dace ba. Rinin gwaji da ake sa wa naman ke raba gardama: sankarar endometriyosis takan nuna alamomin da ake kira CK7 da PAX8, ta hanji kuma CK20 da CDX2. Tun 1925 likitan mata John Sampson ya kafa sharaɗin cewa kafin a ce daga endometriyosis sankara ta fito, sai an ga endometriyosis kusa da ƙarin, kuma babu wani tushe dabam.

Tiyata ce kan gaba. A cire ƙarin ɗungurungum tare da lafiyayyen nama kewaye da shi, ba a gutsuttsura ba. A bangon ciki, ramin da ya rage kan buƙaci raga ta musamman, a kuma duba kaluluwar matsematsi. Bayan nan galibi ana ba da magungunan sankara karboplatin da paklitaksel duk mako uku, zagaye shida, wani lokaci a ƙara da gashin ƙarin da hasken na'ura. Nau'in da ya fi fitowa a tabo ba ya jin waɗannan magunguna sosai, don haka a miƙa aikin ga likitan sankarar mata tun tiyatar farko.