Babi Na Bakwai: Yadda Ake Wanke Katantanwar Teku A Ajiye Ta A Gida

Darasi na 1: Abin ɗauka da abin bari

Iyayena da yayyena, sannunmu da ƙoƙari. Wannan babi ya samo asali ne daga yawon sallar da wasunku suka je bakin teku a Badagiri. Kowacce ta dawo Agege da leda cike da abin da ta tsinto a rairayi, da niyyar yi wa ƙwarya da madubi ado. Ba a yi kwana uku ba aka fara kai ledojin bola saboda ɗoyi. Ba laifinku ba ne, ba a nuna muku ba ne. Yau za a nuna.

Mu fara karanta kalmomi uku, gaɓa-gaɓa, kowa ta ɗora yatsa a kan layi.

Ka-tan-tan-wa. Ita ce mai murɗaɗɗen jiki da baki ɗaya, irin gidan dodon koɗi.

Ƙum-ba. Ita ce mai ɓari biyu da ke haɗuwa kamar tafin hannu. Waɗanda suka taso a Yawuri ko bakin Tafkin Chadi sun san ta ruwan daɗi. Ku lura da lanƙwasar da ke kan harafin farko.

Wu-ri. Ƙarami ne, mai sheƙi, da tsaga mai kama da haƙora.

Dukkansu gidaje ne, akwai mai rai da ya zauna a ciki. To idan kin tsinta, leƙa bakin tukuna. In kin ga nama yana motsi, ko baki a rufe da wani ɗan murfi, ko ƙafafun wata 'yar ƙaguwa da takan ari gidan da ba kowa, mayar da ita ruwa, mai gida na nan. Ƙumbar da ta rufe gam ita ma da ranta. Wadda ba kowa a ciki kawai za ki ɗauka.

Darasi na 2: Fitar da abin da ke ciki

Wannan shi ne darasin. In kun manta sauran, kada ku manta wannan.

Katantanwa takan yi kamar ba komai a cikinta, alhali can ƙuryar murɗin, inda ido ba ya kaiwa, guntun nama ya maƙale. Shi ne yake ruɓewa, shi ne yake kiran ƙuda da kiyashi. Kin goge baya ya yi fes, ciki yana nan da mushe.

Kayan aiki: bokitin roba, ruwan famfo ko na rijiya, tsohon buroshin goge baki, waya siririya ko fil da aka lanƙwasa bakinsa, da tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita.

Ranar da kika dawo gida, a ranar, juye su cikin bokiti. Kada su kwana a leda. Zuba ruwa ya sha kansu, wato kada ko ɗaya ta leƙo sama. Ajiye bokitin a tsakar gida ko bayan ɗaki. Washegari zubar da ruwan, zuba sabo. Jibi ma haka. Kullum haka har kwana 7. Ɗauki alli ki ja layi ɗaya a bango duk ranar da kika canja ruwa, ki rubuta lambar a ƙasa: 1, 2, 3, har 7. Ga aiki, ga koyon rubutu.

Duk lokacin da za ki canja ruwa, ki yi abu uku ga kowace katantanwa, ɗaya bayan ɗaya. Kurkure: cika ta da ruwa ta baki. Girgiza: toshe bakin da babban yatsa, girgiza da ƙarfi, juye. Sunsuna: kai ta hanci.

Mu faɗa tare. Kurkure, girgiza, sunsuna.

Labarin zuciya a tambayi fuska, labarin katantanwa kuwa a tambayi hanci. Ɗan ƙarnin teku ba komai ba ne, zai tafi. Amma in kin ji wari irin na mushen ɓera, da saura. Mayar da ita bokiti. Kada ki ce ai kaɗan ne. Kaɗan ɗin nan shi ne zai tashi mutanen gida daga barci.

In kwana 7 sun cika wari bai tafi ba, sai a dafa. Saka su a tukunya da ruwan sanyi, sannan ki ɗora a wuta. Ruwan sanyi na ce. In kin jefa su cikin tafasasshen ruwa za su tsage, kamar yadda kofin gilashi yake yi. In ya tafasa, ƙirga minti 5, sauke, bar shi ya huce da kansa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma wannan romon ba na sha ba ne, a zubar a kwata. Sai ki zura wayar a hankali, ki murɗa ta yadda murɗin ya tafi, ki jawo naman. In ya tsinke a ciki kada ki damu, kowa yana tsinke masa a farko. Ni ma haka na fara. Wadda ke da sirinji mara allura ta tsirta ruwa ciki da ƙarfi.

Bayan dahuwa kuma me za a yi? Kurkure, girgiza, sunsuna.

Wadda ba ta da itace ko gawayin ɓatawa ta kife su a kan rairayi a inuwa, nesa da ɗaki, ta rufa tsohon kwando ta danne da dutse. Tururuwa za su yi mata aikin kyauta, sai dai ya ɗauki makonni. Su ma in sun gama, kurkure, girgiza, sunsuna.

Yanzu bari in yi faɗa kaɗan, ku yi haƙuri. A ajin bara sau huɗu na maimaita wannan magana. Duk da haka wata baiwar Allah ta jiƙa nata kwana ɗaya, ta fesa musu turare, ta jera a cikin kwanonin jerenta. Turare! Da ta buɗe bayan mako, tsutsa ta tarar, ta kuma zo tana cewa littafi ne bai faɗa ba. Ya faɗa. Ga shi yana sake faɗa. Turare ba ya fitar da nama, omo ba ya fitar da nama, rana ba ta fitar da nama. Ku manya ne, kun yi jikoki, ba wadda za ta dafa kayan ciki ba ta wanke tumbi ba. To wannan ma haka ne.

Aiki: rubuta kalmomin nan uku, kurkure, girgiza, sunsuna, sau biyar a littafinki.

Darasi na 3: Goge baya

Sai hanci ya yarda za a zo nan. In bai yarda ba, koma darasi na 2.

Goge baya da buroshi da ɗan sabulu. In akwai gansakuka ko baƙin datti da ya ƙi fita, a yi amfani da ruwan bilic, irin Hypo ko Jik da muke sa wa fararen kaya. Gwangwanin madara 1 na bilic, gwangwani 3 na ruwa, a cikin roba, a waje inda iska ke kaɗawa. Sa leda a hannu. Duba bayan awa ɗaya ko biyu, in sun yi haske cire, ɗauraye da ruwa mai yawa. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki ko da abu mai tsami, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. Kada a bar robar inda yaro zai kai hannu.

Lemun tsami da tsamiya suna wanke tukunya, amma katantanwa cinye ta suke yi, domin jikinta irin ɓawon ƙwai ne.

Wuri da duk mai sheƙi ba a sa musu bilic, yana kashe sheƙin kuma ba ya dawowa. Ruwa da sabulu sun isa. Da yake mun zo kan wuri: wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi ba daga tekun Legas ya fito ba, daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya aka riƙa kawo shi. Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne dala ɗaya ta azurfa, keso ɗaya kuwa, wato buhun tabarma da ake zuba wuri a ciki, wuri 20,000. Wadda ta gaji na kakarta ta riƙe da kyau. Lissafi: dala nawa ke cikin keso ɗaya?

Darasi na 4: Shanya

Shimfiɗa tsumma a inuwa. Kife su, baki ƙasa, ruwa ya tsiyaye. Kwana 2, da damina kwana 4. Rana tana koɗar da launi. Kafin ki kwashe, sunsuna.

Darasi na 5: Shafa mai

Ɗigo ɗaya na farin man jarirai a tsumma, shafa, goge. Ban da man gyaɗa da manja, suna yin ɗaci su kira kiyashi.

Darasi na 6: Ajiya

A roba mai murfi, manya daban, ƙanana daban. Akwatin katako mai danshi yana sa su fitar da farin gari su lalace. Rubuta inda kika tsince su da shekara a 'yar takarda ki jefa ciki. Ranar Laraba kowa ta zo da guda biyar, zan sunsuna da kaina.