Yadda Ake Shiga Tsohon Tafkin Ninkaya Da Aka Rufe A Ginin Jami'a

Tsofaffin jami'o'i da dama, musamman a ƙasashen sanyi irin su Ingila da Amurka, sun gina tafkunan ninkayarsu a cikin gini, sau da yawa a hawan ƙasa na zauren motsa jiki. Idan aka gina sabo sai a zuƙe ruwan tsohon, a garƙame ƙofarsa, shekaru su yi ta wucewa har ɗalibai su riƙa ba da labarinsa kamar tatsuniya. Sha'awar ganin irin wannan wuri ba laifi ba ce, domin tarihin makaranta ne a ajiye, amma tafkin da babu ruwa yana da haɗarin da ya sha bamban da na mai ruwa, kuma mafi yawansa ba ya inda ido yake fara sauka.

Ba a shiga gida sai da sallama, don haka ka fara da sashen kula da gine-ginen jami'ar, ka rubuta takardar neman izini, ka bayyana dalilinka, ko ɗaukar hoto ne ko binciken tarihi. Haura katanga ko ɓalle kwaɗo na iya janyo maka kora, kuma idan ka faɗi a ciki babu wanda ya san inda kake. Ka roƙi a haɗa ka da ma'aikacin da ya daɗe a ginin, domin shi ne ya san matakalar da ta ruɓe da ƙofar da take kulle kanta. Ka tambaye shi yaushe aka zuƙe ruwan, ko an yanke wutar lantarki, da kuma ko an taɓa binciken asbestos a wurin, wato wani ma'adini mai zare-zare da ba ya cin wuta wanda aka riƙa amfani da shi a gini. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin Birtaniya ba ta haramta asbestos gaba ɗaya ba sai a 1999, kuma an sha naɗe bututun ruwan zafi da shi a tsofaffin gine-gine. Ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, cutarta kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

Ku je da rana, ku kasance aƙalla mutum biyu ban da wanda kuka bari a waje da sanin lokacin fitowarku. Kowa ya riƙe tocila biyu, ya sa takalmi mai kaurin ƙasa, da safar hannu, da hular kwano, da takunkumin ma'aikata mai tace ƙura, ba na yadi ba. Wanda ya daɗe bai yi allurar rigakafin tetanus ba ya sabunta ta kafin ranar.

Da zarar an buɗe ƙofa, ka tsaya a bakinta ka haska sama kafin ka haska ƙasa. Tururin ruwa mai kulorin, sinadarin da ake zubawa a tafki don kashe ƙwayoyin cuta, ya shafe shekaru yana cin ƙarfen da ke riƙe da rufi, kuma irin wannan ci ba lalle ne ya nuna tsatsa a fili ba. A watan Mayun 1985, a garin Uster na ƙasar Suwizalan, silin ɗin kankare na wani tafkin cikin gida ya rufto ya kashe mutum 12, bincike kuma ya nuna cewa sandunan ƙarfen da ke rataye da shi, waɗanda ake ganin ba sa tsatsa, sun tsattsage ne saboda kulorin. Wancan tafki yana aiki ana kula da shi, ina ga wanda aka yi watsi da shi? Idan ka ga ɓaraguzan siminti sabo-sabo a ƙasa, ko silin ya yi ciki, ka juya.

Sai kuma ramin kansa. A cikin duhu farin tayil yana ruɗar ido, gefen tafki da ƙasansa su zama kamar shimfiɗa ɗaya, alhali ɓangaren da ake tsunduma yakan kai mita 3 ko fiye. Ka nemi lambobin zurfi da aka rubuta a jikin tayil, ka sauka ta ɓangare mara zurfi, kuma kada ka amince da tsanin ƙarfe sai ka girgiza shi da ƙarfi daga sama. Ƙasan tana gangarawa ne, ruwan da ya kwanta a ƙarshenta kuma yakan haɗa gansakuka mai santsi da fitsarin ɓera, wanda ke yaɗa cuta ta hanyar rauni a fata. Busasshen kashin jemage da na tantabara ma kada a tone shi, saboda ƙurarsa na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar huhu.

Ɗakin injinan tace ruwa, wanda yawanci yake ƙasa da tafkin, shawarata ita ce a leƙa daga ƙofa kawai. Iskar kulorin ta ninka iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau biyu da rabi, don haka a irin wannan rami take taruwa, kuma tsofaffin durom na hodar kulorin idan suka haɗu da asid suna fitar da ita. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta wata iskar mai kisa, wadda idan ta yi yawa take kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce. Ko kai ya fara sarawa ko ido ya fara yaji, a fita nan take.

Idan wurin ya tabbata lafiya, ka ba shi lokaci. Ka dubi baƙaƙen layukan da ke nuna wa masu tsere hanya, da kwatar da ta zagaye bakin tafkin inda hannuwa suka side tayil har ya yi sheƙi, da ƙugiyoyin da ake ɗaura igiyar raba layi, da allon sunayen zakaru idan yana nan. Ka ɗauki hoton kowanne daga nesa da kuma kusa, kada ka ɓamɓare ko tayil ɗaya. Bayan fitowa ka wanke takalmi da hannu, ka mayar da makulli, ka sanar da sashen gine-gine duk ɓarnar da ka gani a rubuce, sannan ka kai kwafin hotunan ɗakin adana tarihin jami'ar tare da kwanan wata. Irin waɗannan bayanai ne ake buƙata ranar da za a yanke shawarar rushewa ko gyarawa, kuma gyaran yana yiwuwa: tafkin birnin Roubaix na Faransa, wanda aka rufe a 1985, an sake buɗe shi a matsayin gidan adana kayan fasaha a 2001.